Tarihin Kano Da Mutanen Duwatsu

Littafin da za mu duba wannan mako ba sabo ba ne. Da wuya a sami ɗan makaranta a ƙasar Kano wanda bai taɓa jin wani abu daga cikinsa ba, ko da kuwa bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Duk yaron da aka tambaye shi wa ya fara sarautar Kano ya ce Bagauda, aka ce yaushe ya ce 999, to, daga rijiyar nan ya sha, ko ya sani ko bai sani ba. Sunan littafin Tarihin Kano. Abin da mu ke so mu auna shi da shi kuwa abu ɗaya ne, watau yadda ya riƙe labarin duwatsun ƙasar nan da mutanen da suka zauna gindinsu.

Bari mu fara da asalinsa. Da Larabci aka rubuta shi, wanda ya rubuta kuwa bai sa sunansa ba. Ya jero sarakuna 48, tun daga Bagauda har Muhammadu Bello wanda ya rasu cikin 1893, don haka a ke ganin a zamanin Bello aka haɗa shi. Wani Bature, H. R. Palmer, ya juya shi da Turanci aka buga cikin 1908. Daga baya Dokta R. M. East da malaman ofishin juye-juye na Zariya suka mai da shi Hausa, ya fito cikin littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Alhaji Abubakar Dokaji ma ya ɗebo da yawa daga gare shi cikin Kano Ta Dabo Cigari na 1958. Cikin 1994 wani masani, John Hunwick, ya kawo hujjojinsa cewa Malam Barka, wanda ya riƙe sarautar Ɗan Rimi, shi ne ya haɗa littafin. Ko shi ne ko waninsa, kowa ya karanta ya san mutumin fada ne, wanda ya tashi yana jin kirarin sarakuna safe da yamma. Ku riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin duk abin da za mu faɗa.

Mu ba shi haƙƙinsa tukuna. Farkon littafin nan yana cikin mafiya daɗin abin da aka taɓa rubutawa game da ƙasar Hausa. Marubucin bai fara da sarki ba, da dutse ya fara. Ya kawo wani mutum mai suna Dala, wanda ba a san ƙasarsu ba, ya zo ya gina gida bisa dutsen da har yau a ke kira da sunansa. Sa'an nan ya kawo Barbushe daga zuriyarsa, baƙin mutum, ƙato, maharbi, wai da sanda ya kan kashe giwa, ya ɗora ta bisa kai ya yi tafiya mai nisa da ita. Ba mu ce ku gaskata zancen giwa ba, amma wane yaro ne zai ji shi ya manta? Barbushe shi ne mai shiga wurin Tsumburbura, wata itaciya da aka kewaye da gini, ba mai shiga sai shi. Sau biyu ya kan sauko cikin shekara, jama'a su taru gindin dutse da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, shi kuwa ya shiga ya fito ya gaya musu abin da zai auku a shekarar. Duk wannan cikin 'yan layuka kaɗan aka faɗe shi, ba surutu, ba ado. Masu koyon rubutu a cikinku su lura da wannan taƙaitawa.

Abin da ya fi giwa amfani shi ne jerin manyan ƙasar da marubucin ya kawo, su 11, ko wane da sana'arsa. Akwai Gijigiji maƙeri, da Bugazau mai dafa giya, da Hanburki mai magani, da Ɗanbuntuniya mai tsaron gari da dare, da Maguji mai haƙo tama ya narka ta, wanda aka ce shi ne kakan Maguzawa, da Asanni shugaban mawaƙa da masu rawa, da Baƙonyaƙi maharbi, da Awar mai gishiri. Ku duba da kyau. Mutanen da ke da maƙeri da mai narka tama da mai tsaron dare da sarkin samari, ai ba tarkacen mutanen daji ba ne. Jama'a ce mai tsari, wadda ta raba aiki tsakaninta, kowa ya san matsayinsa. Littafin da kansa ne ya ba da wannan shaida, tun bai ambaci sarki ko ɗaya ba.

Kuma ba Dala kaɗai ya ambata ba. Ya ce Gunzago na zaune gindin Goron Dutse, Gumbarjado a Fanisau, Hambaro a Tanagar, Jandamisa a Magwan. Ku 'yan makarantun Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, Magwan ɗin nan fa ita ce wadda kuka sani a Nasarawa, ba nisa da ku, inda yanzu tituna da gidaje suka kewaye. Watau kafin a yi ganuwa, abin da mu ke kira Kano ƙauyuka ne warwatse, ko wane ya jingina da dutsensa, daji tsakaninsu. Dalilin jingina da dutse a fili ya ke. Daga bisa a kan hango abokin gaba tun yana nesa, in ya matso a hau a tsira. A Dala kuma akwai tama. Masu tono kayan dā sun sami wurin narka ƙarfe gindin Dala, da aka auna shekarun gawayinsa sai ya nuna ƙarni na 7 na Miladiyya, fiye da shekara 300 ke nan kafin lokacin da aka ce Bagauda ya zo. Ashe zancen Maguji da Gijigiji ba tatsuniya ba ce zalla, ƙasa ta gaskata takarda. Har yau kuwa akwai maƙeran Kano da a ke kira Abagayawa, masu cewa kakansu daga Gaya ya zo neman tama.

To, nan ne daɗin ya tsaya, nan kuma ƙararmu ta fara. Da Bagauda ya shigo, sai marubucin ya sauko daga dutse ya shige fada, bai sāke hawa ba. Daga nan duk inda kuka ga dutse cikin littafin, to, ko an kewaye shi da yaƙi ne, ko an ci shi, ko wasu sun gudu sun hau.

Ku fara da duban yadda ya sallami Barbushe. Ya sa a bakinsa cewa wani mutum zai zo da runduna ya mallake su, in ba a zamaninsu ba to a zamanin 'ya'yansu. Wannan tsohuwar dabara ce ta masu rubuta labarin sarakuna ko ina cikin duniya, a sa wanda aka ci ya faɗi cinsa da bakinsa tun ba a yi ba, domin mai karatu ya ga kamar abu ne da ba makawa. Mai hankali ya kan tambaya, wa ya ji Barbushe ya faɗi haka, wa kuma ya adana maganar shekara wajen 900 har ta iso hannun mutumin fada? Haka kuma ya ce ranakun saukowar Barbushe sun yi daidai da ranakun Idi biyu, alhali shi da kansa ya ce Musulunci bai iso ba sai zamanin Yaji. Wannan bai zama ƙarya ba, awo ne da mudun da ya sani. Amma ya nuna mana cewa ta tagar malamin ƙarni na 19 mu ke leƙen mutanen Dala, ba ta tagarsu ba.

Akwai kuma wani abu da mai saurin karatu ba zai lura da shi ba. Sarakunan farko sun daɗe suna jayayya da masu Tsumburbura, wani ya yi musu kyauta don su gaya masa asirinsu su ƙi, wani ya yi sulhu da su, har Tsamiya (1307-1343) ya rushe ginin da ƙarfin tsiya. Tsamiya kuwa ya riga zuwan Wangarawa, bisa lissafin littafin. In haka ne, faɗan nan ba na addini kaɗai ba ne. Faɗa ne na wa zai mallaki ƙasa, wa talakawa za su saurara, mai doki da mashi ko mai gindin dutse. Marubucin ya ajiye mana duk abin da za mu gane haka da shi, amma bai faɗa ba, watakila don bai ga abin haka ba.

Inda abin ya fi fitowa sarai shi ne labarin Santolo, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Santolo dutse ne kudu da birni, wajen ƙasar Dawakin Kudu. Wanda ya tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi ya bi hanyar Zariya ya karya a Kwanar Dawaki, ya nufi ƙasar ke nan. Littafin ya ce a zamanin Gijimasu (1095-1134), wanda ya fara ginin ganuwa, ƙasa duk ta bi shi sai Santolo kaɗai, domin mutanenta na da yawa, ba mai iya mulkinsu. Aka zo zamanin Naguji (1194-1247), sarkin da aka ce shi ya fara karɓar kashi ɗaya cikin 8 na amfanin gona, ya fita ya yi zango shekara 2 yana yaƙin Santolo, ya komo bai ci ba. Sai a zamanin Yaji (1349-1385) aka ci ta. An ce Yaji ya roƙi Wangarawa, su wajen 40 da suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, su yi masa addu'a, don yana ganin Santolo ita ce ƙofar kudu, in ta faɗi sauran garuruwa sun faɗi. Aka kewaye ta, aka ci ta, aka kashe mazanta, aka bar mata da ƙananan yara. A wurin bautarsu an ce an sami ƙararrawa da ƙaho biyu da gatari da mari.

Yanzu ku ɗauki alli ku yi lissafi. Daga Gijimasu zuwa Yaji ya fi shekara 200. Gari ne ya tsaya wa Kano fiye da shekara 200, ga shi kusa da ita, har sarki da kansa ya yarda cewa shi ne ƙofar kudu. Lalle garin nan yana da shugabanni, yana da rumbuna da za su ciyad da shi lokacin da aka tsare shi, yana da maƙera masu yi masa kibau, yana da ruwa. Su wane ne sarakunansa bi da bi? Me su ke nomawa? Da wa su ke ciniki? Littafin da ya iya gaya mana kirarin ko wane sarki da sunan uwarsa da jerin jarumawansa, bai tsaya ya tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Santolo ta shigo labari don ta ƙi, ta fita don an ci ta. Ƙararrawa da ƙaho da gatari da marin nan, waɗanda in a hannun mai bincike su ke da sun buɗe baki sun yi magana, a nan ganima ce kurum. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ga shi kuwa waƙar Santolo a bakin wanda ya rushe ta kaɗai mu ke jinta.

Ko zancen addu'ar Wangarawan ma yana son a bi shi a hankali. Akwai wata takarda ta Larabci kan asalin Wangarawa, wadda aka rubuta wajen 1650, Muhammad Al-Hajj ya buga ta cikin 1968. Ita ta ce a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) Zaite ya iso Kano, watau kimanin shekara 100 bayan Yaji. In ita ce da gaskiya, to, an ɗauko baƙin wani zamani ne an kai su yaƙin wani zamani, domin cin Santolo ya zama nasarar addini. In kuwa Tarihin Kano ne da gaskiya, sai a nemi dalilin da ya sa zuriyar Wangarawan da kansu suka faɗi daban. Malamai sun yi ta muhawara a kai. Abin da ba ya kyautu shi ne a koya wa yaro ɗaya a ɓoye masa ɗaya.

Tun da mun taɓo shekaru, bari mu yi magana kan 999 ɗin nan da kuke haddacewa. Ba ta cikin Larabcin. Abin da marubucin ya bayar shi ne yawan shekarun da ko wane sarki ya yi. Palmer ne ya tsaya daga ƙarshe, inda a ke da tabbas, ya yi ta ɗebewa yana komawa baya har ya faɗa kan 999. Duk shekarun da muka sa cikin baka a sama irin wannan lissafi ne. In an yi kuskuren shekara 10 ga sarki ɗaya, ko an tsallake wani sarki, duk na gabansa sun goce. Waƙar Bagauda ma, wadda Mervyn Hiskett ya buga cikin 1964 da 1965, jerin sarakunanta na farko bai yi daidai da na littafin nan ba. Ku rubuta 999 ranar jarrabawa in malam ya tambaya, amma ku san yadda aka same ta.

Mu komo ga duwatsu. Abin mamaki, shekara wajen 500 bayan Yaji ƙasar Dawakin Kudu ta sāke haifar irin wannan labari. Wajen 1846 wasu malamai na Tsakuwa, babbansu Malam Hamza, suka yi jayayya da masu karɓar kuɗin ƙasa, suka tashi suka shige duwatsun Ningi, waɗanda yanzu ke cikin Jihar Bauchi. Can suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mazauna dutse, suka kafa mulkin da ya dami Kano da Bauchi da Zazzau har zuwan Turawa. Wannan fa a idon marubucin aka yi shi, ba labarin kaka da kakanni ba ne. Amma in kun karanta babin Abdullahi Maje Karofi (1855-1882), abin da za ku samu shi ne fitar sarki, da inda ya yi zango, da yadda aka kara da Ɗan Maje na Ningi. Ba za ku tashi da sanin abin da ya kori malamai masu karatu daga ƙasar Musulmi zuwa cikin duwatsu ba. Ga wanda ke cin abincin fada, mai hawa dutse ɗan tawaye ne, ko Bamaguje ne ko malami.

Akwai kuma duwatsun da ba su yi tawaye ba, don haka ba su sami shiga sosai ba. A Birnin Kudu, wadda ke ƙasar Kano kafin a yanke Jihar Jigawa cikin 1991, akwai zanen shanu jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da wasu duwatsu masu ƙara kamar ƙararrawa in an buga su. Sai bayan 1950 masu bincike suka bayyana wa duniya su. A Riruwai, can ƙarshen kudancin Kano cikin ƙasar Doguwa, mutane na haƙo kuza suna narkawa suna sayarwa tun Turawa ba su zo ba. Yaron da Tarihin Kano kaɗai ya karanta ba zai san ƙasarsu na da irin waɗannan ba.

Wani zai ce mun matsa wa bawan Allah, ai shi labarin sarakuna ya yi niyya, ba a tuhumar mai saƙar tabarma don bai saƙa bargo ba. Gaskiya ne, kuma da bai rubuta ba da ko sunan Santolo ba mu ji a takarda ba. Zazzau da Katsina suna da jerin sarakunansu, amma ba su sami littafi mai yalwar wannan ba. Laifin da mu ke gani ya fi rataya ga waɗanda suka karɓi labarin gida ɗaya suka sa masa rigar labarin ƙasa duka, suka miƙa wa yara. Game da masu juyawa kuwa, Hausar East da malamansa ta fi sauƙin bi, sunaye sun komo yadda baki ya saba. Palmer ya yi aiki babba, amma kunnensa ya ɓata sunaye da yawa, har Tsumburbura ta zama Tchunburburai, Magwan ta zama Magum, yaro ya karanta bai gane unguwar maƙwabtansu a ke nufi ba. Wanda ke da zaɓi ya fara da na Hausa.

Dala na nan, tsawonta bisa teku mita 534, an yi mata matakala. Daga kanta ne Bajamushen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zana birnin Kano cikin 1851, lokacin da akwai gonaki da fili mai yawa cikin ganuwa. Yanzu gidaje sun matse gindinta ta ko wane gefe. Duwatsun ƙauye kuwa masu fasa dutse na cin wasunsu don ginin birni, tsofaffin da suka san sunan ko wane kogo da ko wane kufai suna ta raguwa. Saboda haka muna roƙon malaman makarantun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ranar da aka karanta babin Yaji a aji, a nemi izni a ɗebi yara a kai su ƙasar Dawakin Kudu. Ko wane yaro ya tafi da littafin rubutu da fensir. A fara gai da dagaci, ya haɗa su da dattawa. Su tambayi sunan ko wane dutse da dalilin sunan, inda a ke tsintar kashin maƙera da fasassun tukwane, inda tsohuwar rijiya ta ke, da gidajen da ke cewa su ne tsatson mutanen farko. Kada su ɗauko kome daga wurin, su zana shi inda ya ke. Su rubuta sunan ƙauyen da ranar da aka gaya musu, su kuma rubuta maganar yadda aka faɗe ta, ko da ta saɓa wa abin da ke cikin littafi.